Ladan da Itatuwansa

Ladan tela ne, amma an daɗe da daina kiransa tela. Ko matan da ke aika masa zannuwa ya kama musu baki, cewa suke yi a kai wa Ladan. Rumfarsa tana jingine da katangar masallacin unguwa ta waje: keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da igiyar da yake rataye kayan mutane. In lokacin salla ya yi sai ya ɗauke ƙafa daga kan keke, ya kakkaɓe zaren da ya manne masa a riga, ya zagaya ciki.

Bai nemi ladanci ba. Yana saurayi, wanda ke kiran salla ya kwanta ciwo, sai tsohon Liman ya leƙo rumfa ya same shi yana rera wani abu, keke na amsa masa.

"Kai tela," in ji Liman, "wannan muryar asararta ake yi a kan wanduna. Taso."

Ya hau dakali, ya toshe kunne, ya kira la'asar. Lokacin babu lasifika, amma har bakin kasuwa aka ji. Murya ce mai kauri, mai faɗi, in ya ja ta ba ta rawa. Mai ciwon ya warke, ya ji, ya ce a bar wa yaro. Matar Ladan har ta tsufa tana cewa ita murya ta aura. "Da fuskar na fara gani," takan ce, "da na yi shawara."

Masallacin a wancan lokaci ɗaki ɗaya ne da fili fetal, rana na dukan tabarmi. Tsohon Liman mutum ne mai son inuwa. Shi ya riƙa kawo 'yan itatuwa a gwangwanayen madara: mangwaro biyu, dogonyaro uku, da tsamiya guda da aka dasa kusa da ƙofa. Ladan ne ya haƙa 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindinsu, don kada ruwan ya tafi a banza. Shi ya kifa musu tsofaffin kwanduna saboda awaki. In ya sauko daga kiran asuba sai ya bi su ɗaya ɗaya ya duba, kamar mai duba yara sun kwana lafiya.

Suka girma, shi ma ya girma. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gemu ya cika. Harabar ta zama wurin zaman kowa. Wata tsohuwa mai gyaɗa ta kafa tirenta a gindin dogonyaro. Mata masu dawowa daga asibiti sukan sauke goyo su huta. Akwai wani direban motar haya da ba musulmi ba, kullum da tsakar rana sai ya zo ya miƙe a ƙarƙashin mangwaro da hula a fuska, Liman ya ce kada wanda ya tashe shi, a kewaye shi a wuce. A cikin sahu kuwa wani ya riƙe hannu a ƙirji, wani ya saki. In an sallame wani ya zauna da carbi, wani ya ɗauki takalmi. Ba mai kallon wani.

A gindin tsamiya Mai Faci yake, da bahonsa na baƙin ruwa da famfon iska da tarin tsofaffin tayoyi. Sa'an Ladan ne, kuma tun suna samari ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba.

"Zakara, an tashi lafiya?" in ji Mai Faci. "Yau ma ka hana mu barci."

"Ina ruwan mai sayar da iska da asuba? Kai da ko da rana yaudarar mutane kake yi, su ba ka kuɗi ka ba su iska."

Mai Faci kullum a sahun baya yake samun salla, hannu saki, farce baƙi ƙirin da man inji komai wankinsa. In an idar sai ya jingina da ginshiƙi ya yi ta rera wani yabon Annabi da ya gada wurin ubansa. Muryarsa kamar ana jan kujera a kan siminti. Ladan yakan ce masa don girman wanda yake yabo ya yi shiru, shi kuma ya ƙara ɗaga murya.

Tsohon Liman ya rasu, aka binne shi, aka yi kuka. Daga baya Ladan ya sha zama ya yi ta lissafi a ransa ko zai gano ranar da abubuwa suka juya, bai taɓa samunta ba. Ba rana ɗaya ba ce. Da fari lasifika aka sa, kuma ya ji daɗinta ƙwarai. Aka rushe ɗakin aka yi babba. Aka kafa kwamiti. Aka kawo sabon Liman, matashi mai karatu, mai kunya, mai zuwa duba marasa lafiya, wanda in ya ja aya sai tsikar jikin Ladan ta tashi. Babban ɗan Ladan, wanda ke aikin ofis, shi aka ba sakataren kwamiti, har uwarsa ta koma kiransa Sakatare a cikin gida, sunan ya bi shi.

Sanarwa aikin ladan ce. Da can abin da yake faɗa bai wuce an yi rasuwa ba, ko yaro ya ɓata mai jar riga, ko an tsinci makulli. Sai ga sanarwa ta wani iri. Kwamiti ya ce a daina ciniki a cikin haraba. Ladan ya faɗa da muryarsa mai faɗi, yana hangen tsohuwa mai gyaɗa ta taga tana naɗe gammonta. Bayan wasu watanni aka ce a daina kwanciya. Shi ya faɗa. Aka ce mata su daina zama a gaba, an yi musu wuri ta baya, wurin da babu ko ganye. Shi ya faɗa. Aka ɗaga katanga, aka sa ƙofar ƙarfe, Mai Faci ya ja bahonsa ya koma waje, inda reshen tsamiya ɗaya ya tsallako.

Kowace doka da dalilinta, kuma dalilin ba na banza ba ne. Ladan ba malami ba ne. In aka karanto masa hujja sai ya gyaɗa kai. Abin da ya sani kawai, kowace sanarwa in ya gama ta sai ya ji kamar ya ɗauki buhu.

Sai magana ta koma kan sahu: yadda za a ajiye ƙafa, inda za a ɗora hannu, inda wando zai tsaya. Wata shekara Ladan ya yanke ƙafar wando har almakashinsa ya dakushe. Matarsa ta tara guntayen ta yi matashin kai biyu. Abin da ya dame shi, sai ya kama kansa shi ma yana kallon idon sawun mutane in sun shigo. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna salla tare, yanzu kafin ya ga fuskarsa ya ga wandonsa.

Wata azahar, ana tsakiyar salla, wani matashi ya miƙa hannu ya kama hannuwan Mai Faci ya ɗora masa a ƙirji. Mai Faci bai motsa ba har aka sallame. Bai rera komai ba ranar. Ya ɗauki takalminsa ya fita, bai sake shiga ba. Ya koma shimfiɗa kwali a bayan tayoyinsa.

Ladan ya same shi da yamma. Ya tsaya a kansa ya ce:

"Yaro ne. Ka yi haƙuri ka dawo. In ma riƙewar ce, mene ne a ciki? Ka riƙe mana."

Mai Faci yana danna tiyub cikin ruwa yana neman inda kumfa ke fita. Bai ɗago ba.

"Har da kai, Zakara?"

"Ni ba cewa na yi..."

"Ubana haka ya yi sallarsa har ya mutu. Kai dai yi ta kiranka, ina ji daga nan. Wanda ake kira dominsa ya san inda nake."

Suka ci gaba da tsokanar juna kamar da, amma wasan ya rage gishiri.

Itatuwan kuwa ɗaya ɗaya suka tafi. Mangwaro ne na farko, don yara na jifa suna fasa gilashin taga, ga hayaniya lokacin karatu. Dogonyaro saiwarsa ta ɗaga tayil, tsuntsaye kuma na zubar da kashi a kan shimfiɗu, aka yi ta muhawara ko najasa ce ko ba najasa ba, har aka ga sarewa ta fi sauƙi. Aka malale harabar da siminti, aka toshe 'yar kwatar, ruwan alwala ya koma bin bututu zuwa titi. Da rana in ka cire takalmi a ƙofa sai ka tsallaka da gudu kamar mai taka garwashi.

Maganar tsamiya Sakatare ne ya kawo ta gida. Ya durƙusa ya gaida ubansa, ya yi ta juya makullin babur a hannu.

"Baba, an ga wata tsohuwa tana ɓamɓarar ɓawonta. Wai tana cewa akwai albarka a jiki, tun da marigayi Liman ne ya dasa. Kwamiti ya ce gara a toshe ƙofar shirka tun da wuri. Asabar za a sare. Ana so ka faɗa wa jama'a su fito su taimaka."

Uwarsa tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Ta ajiye faranti.

"Sakatare, wannan tsohuwar ni ce. Tarin ubanka nake dafa wa. Sai ku zo ku sare ni."

"Inna, ba a haka ake magana ba."

"To a yaya ake yi? A gindinta ka koyi tafiya. Can na riƙa shanya 'yan wandunanka in ka jiƙa su."

Ladan ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya dubi ɗansa, ya ga ba mugunta a fuskarsa, sai tsoro irin na wanda aka aika. Ya ce, "Na ji." Ranar Juma'a ya faɗa. Ranar Asabar ya rufe rumfa ya ce zai je sayen zare, bai dawo ba sai da injin yankan itace ya yi shiru. Mai Faci ya kafa buhu a kan sanduna ya zauna a inuwarsa.

Tarin nan da matarsa ta ambata ya daɗe. Muryar ta fara tsufa tun kafin gemun ya gama fari. Da fari da asuba ne take ƙin tashi, sai ya yi ta gyaran murya. Daga baya in ya ja sai ta tsage a tsakiya. Ya sha zuma, ya sha citta, ya daina ruwan sanyi, ya naɗe wuya da mayafin matarsa. Autarsa ta kai shi asibiti, likita ya haska masa maƙogwaro da 'yar fitila, ya ce, "Baba, ba cuta ba ce. Jijiyoyin ne suka bushe suka yi tauri. Shekaru ne. A rage magana."

"Likita, maganar ce aikinsa," in ji Auta.

Likita ya ɗaga kafaɗa ya rubuta maganin tsotsawa.

A wannan tsakanin ne aka kai ƙara cewa Ladan yana jan kira kamar waƙa, kuma akwai harafin da ba ya fitarwa daidai. Liman ya kira shi gefe da ladabi, ya zaunar da shi, ya koya masa yadda zai gajarta. Ladan ya maimaita a bayansa kamar ɗan makaranta, mutumin da ya fara kira tun ba a haifi Liman ba. Bai ji haushi ba. Gajiya ya ji. Kuma sabon salon, mai yankewa, ya fi cin maƙogwaro.

Wata magariba ya kama makirfo, ya yi kabbara biyu, ya buɗe baki zai shiga shahada, sai iska kawai ta fita. Unguwa duka ta ji hucin ta lasifika. Ya sake gwadawa, ba komai. Wani saurayi mai siririyar murya ya taso a hankali, ya karɓa, ya ƙarasa. Ba wanda ya yi dariya. Kwamiti ya yi masa sabuwar riga, wadda wani tela ya ɗinka, hannun ya yi masa tsawo. Aka yi masa godiya a gaban jama'a, aka ce har abada shi ne Baba Ladan, aka damƙa masa makullin ƙofar ƙarfe ya riƙa buɗewa yana rufewa.

Mai Faci ya ce, "Kawo maƙogwaron in tsoma a ruwa, mu ga inda yake yoyo." Ladan ya so ya rama, amma kafin raɗarsa ta fito wata mota ta wuce ta haɗiye ta. Daga nan ramuwa ta koma da hannu.

Aka yi shekaru a haka. Wata safiya ya buɗe rumfa ke nan sai ga 'yar Mai Faci, mayafi a karkace, ido jawur.

"Baba Ladan, Babanmu ya cika. Yanzu da hantsi. Yana shan shayi ya ce kansa."

Ladan ya zauna a kan benci, ya tashi, ya sake zama. Sannan ya nufi masallaci. Akwatin lasifika a kulle yake, makullinsa na wurin Sakatare. Ya same shi yana shirin hawa babur. Ya kama hannun rigarsa ya raɗa masa a yi sanarwar rasuwar.

Sakatare ya yi salati. "Baba, Liman ya yi tafiya. Bari in kira shi." Waya ba ta shiga ba. Ya kira shugaban kwamiti, shugaba ya ce mutumin ya daɗe da barin jam'i, a tambayi mataimaki. Mataimaki ya ce shi ba zai yanke ba sai Liman. Ba wanda ya ce a'a. Ba wanda ya ce to. Rana tana ta hawa, gawa na kwance a ɗaki.

Ladan ya saki hannun rigar ɗansa. Ya ɗauki sandarsa ya shiga layi. Gida gida ya bi, yana buga ƙofa da sanda. In mai gida ya fito sai ya sunkuyo ya kawo kunne, Ladan ya raɗa masa: Mai Faci ya rasu, jana'iza bayan azahar, a ƙofar gidansa. Wasu sai ya maimaita, wasu sai ya nuna da hannu kamar mai buga famfo kafin su gane. Titin ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. Gumi ya jiƙa rigar, ƙafa ta fara ja. Matarsa da ta ji, ta yafa mayafi ta bi ta ɗaya layin, ita kam tana kwarara murya tun daga soro, ba ruwanta da sallama mai tsawo. A tashar masu babur ya raɗa wa ɗaya, kafin ya juya labari ya kai bakin kasuwa, don babu wanda Mai Faci bai taɓa liƙe wa taya ba.

Mutane suka zo, ba laifi. Direbobi, masu babur, tsofaffin unguwa, har da 'yan kwamiti biyu da suka tsaya daga baya suna duba waya. Tsohon direban nan mai barci a gindin mangwaro shi ma ya zo da sanda, ya tsaya nesa da hularsa a hannu. An fito da makara, an daidaita sahu, ana kallon juna a ga wa zai shiga gaba, sai ga Liman ya sauko daga motar haya da jakarsa a kafaɗa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ajiye jaka, ya nemi buta, ya yi alwala, ya shiga gaba ya yi wa Mai Faci salla.

A hanyar dawowa daga maƙabarta Liman ya rage tafiya har Sakatare ya iso shi.

"Me ya hana a yi sanarwa?"

Sakatare ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, mun ɗauka ba za ka so ba."

"Ni na ce muku haka?"

"A'a. Mun dai ɗauka."

Liman ya kama hannun Ladan, don ya ga ƙafarsa na ja, suka taho a hankali har jama'a suka yi musu nisa. Ladan ya lura gemun Liman ya fara fari, bai san yaushe ba. Can Liman ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Baba Ladan, wallahi ni ma yanzu kafin in hau mumbari sai na duba su wa ke sahun gaba." Ladan ya matsa hannunsa kawai.

A gida matarsa ta zuba ruwan ɗumi a baho ta sa masa ƙafafu, sun kumbura kamar burodi. Ita ma muryarta ta dishe. "Yau gidan nan ba mai magana," ta ce. "Maƙwabta sun huta." Da magariba Sakatare ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba. Uwarsa ta ce abinci na cikin kwano, in ya ga dama. Ladan ya matsa gefe a kan tabarma. Sakatare ya cire takalmi ya zauna kusa da shi har aka kira isha.

Ba abin da ya sauya a masallaci bayan wannan. Dokokin suna nan, an ma ƙara biyu. Ladan ya mayar da makullin ƙofa, ya ce gwiwa ta hana shi sammako. Yana zuwa salla in ƙafa ta yarda, ya tsaya inda ya samu wuri. Ɗinki kuwa sai ɗan gyara, maɓalli ko bakin zane, don ido ya daina ganin kafar allura. Kullum da safe Sakatare yakan tsaya da baburinsa a bakin rumfa, ya zura masa zare a allurai uku ko huɗu, ya soke su a jikin labule, baƙi daban fari daban.

"Baba, sun isa?"

Ladan ya gyaɗa kai. Sakatare ya tada babur ya tafi ofis. In alluran suka ƙare kafin azahar, sai ya naɗe kayan mutane, ya ja benci cikin rumfa, ya kishingiɗa.